Ranar da Saje Ya Gaida Inna

A gidanmu ba a kama suna. Inna ba ta taɓa kiran Yaya da sunanta ba, don 'yar fari ce. "Yarinyar nan" take cewa, har ranar da yarinyar nan ta yi jikoki. Mijin Yaya kuwa ko "yaron nan" bai samu ba. In dole ta kama a ambace shi, sai Inna ta kalli bango ta ce "mutanen bariki", kamar bataliya guda ta auri 'yarta. Mu dai Saje muke ce masa, saboda igiya ukun da ke hannun rigarsa.

Lokacin muna zaune a Makera, kudu da kogi, 'yan shekaru kafin Turawa su naɗe tabarmarsu. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a wata elementare, ina yawo da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ba ya rubutu. Inna tuwo take sayarwa a wani fili kusa da layin dogo, inda mata suka kakkafa rumfunan zana suna ciyar da leburori da masu gyaran jirgi. Rumfarta ce ta farko in ka sauko daga titi. Kusa da ita akwai wata Kirista 'yar kudancin lardin Zazzau, wadda kowa ke kira Mama mai ƙosai. Bakinta ya fi manta zafi. Ita da Inna sun yi shekaru suna faɗa a kan inda hayaƙin wance ke bi, amma in ɗaya ta tafi biki, ɗayar ce ke riƙe mata ciniki.

Saje ya je yaƙin Bama ya dawo da rai, da tabo a ƙeya, da muryar da Yaya ke rantsuwa tana jin ta daga hayin kogi in yana fareti. Amma wannan mutum in ya hango Inna a hanya sai ya ɓace. Akwai ranar da ya faɗa wani zaure don ya kauce mata, ya tarar ana zaman makoki, ya zauna aka yi addu'a da shi, har ya yaba halin mamacin. In ya zo gaisuwa gida, tun daga waje yake kwance ƙyallen da soja ke naɗe ƙwauri da shi, ya cire manyan takalman nan, ya shigo ya tsuguna can bakin ƙofa, kai a ƙasa. Inna ta juya ta fuskanci bango. A haka za su yi ta jan gaisuwa. Ban jin a duk shekarun nan ɗaya ya taɓa ganin fuskar ɗaya da kyau. Ita muryarsa ta sani, shi kuma bayan kallabinta.

Ni kuwa ƙanin matarsa ne, saboda haka duk abin da kunya ta hana shi faɗa a gidan, a kaina yake saukewa, ni ma ba na raga masa. Ina ce masa mai cin gwangwani, yana ce mini ɗan alli. Da yake na ɗan karanta labarin sojojin daulolin da, waɗanda ake cewa su tsaya su tsaya har rufi ya faɗo musu, nakan so in ja shi da gardama.

"Saje, yanzu duk abin da aka ce ku yi sai ku yi?"

"Oda oda ce."

"Ko ba ta da ma'ana?"

"Ma'ana aikin hafsa ne. Shi ake biya don ya yi tunani. Ni da ƙafa aka ɗauke ni."

"To in aka ce ka harbe ni fa?"

"Kai? Ai ba sai an ce ba."

Babban abin alfaharinsa kuratansa ne, sababbin sojan da yake horarwa. Yakan ce ya gyara su har in ya yi atishawa a sahu, su ma sai su yi. A shekarar nan kuma ana rade-radin za a ba shi Samanja. Yaya har ta fara tafiya irin ta matar Samanja.

Rigimar ta fara ne da wani kamfanin Turawa da ya ga filin ya dace da sito. Ba a daɗe ba duba-gari ya zo ya gano cewa akwai ƙuda a wurin, abin da ya ɓoye masa duk shekarun da yake cin tuwon Inna. Aka ce mata su tashi. Suka ce zuwa ina? Aka ce wannan ba ya cikin takarda. 'Yan sanda suka zo, aka zuba musu miyar kuka, suka koma. Suka sake zuwa da fuska a murtuke, Mama mai ƙosai ta tambayi kofur ɗinsu a gaban jama'a ko uwarsa ta san yana nan, suka koma. To a lokacin leburori na gunaguni a kan albashi, kuma da rana a filin suke taruwa, don nan abinci yake. A lissafin da nake koya wa yara ba a haɗa tukunya da lebura, amma a ofis aka haɗa, amsa ta fito tarzoma. Aka nemi soja.

Mu ba mu san da wannan ba. Sai wata rana bayan an tashi yara, na ga Saje tsaye a bakin ajina, yana juya hula a hannu.

"Ɗan alli, Inna lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Ƙalau. Ta fi ka."

"Na ga kamar ta rame."

"A ina ka gan ta? Kai da ko inuwarta ba ka kallo."

"Ka ce ta huta gobe. Tsufa ba wasa ba ne. Ta sha jiƙo ta kwanta."

"Me zai faru gobe?"

"Ni ban ce komai zai faru ba. Soja ba ya faɗin abin bariki." Ya dubi allo kamar zai karanta. "Amma in da ni tukunya ce, gobe a gida zan wuni."

Na kai wa Inna saƙo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce tun da ta fara tuwo ba ta taɓa ciwo ranar aiki ba, ba kuma za ta fara don mutanen bariki sun yi mafarki ba. Ta ce in ita ta kwanta, sauran matan da wane ido za ta dube su? Yaya ta zo gida da yamma, na gaya mata. Ita ba ta da kunyar da za ta hana ta magana a fili. Ta ce in je in gaya masa, in hannunsa ko gindin bindigarsa ya taɓa ko da murfin tukunyar uwarta ne, to ya nemi wadda za ta riƙa sa wa kakinsa sitaci. Na ce to in ya ƙi oda fa, igiyar fa? Ta ce wannan shi ya sani, ita ba ta ce ya ƙi oda ba. Haka Yaya take. Takan ba mutum hanya biyu ta toshe duka.

Washegari na ba yara jinga, na ce wa hedimasta cikina na ciwo, na tafi filin. A gidanmu dai ni na yi ciwon da aka nema.

Hantsi ya ɗaga, an sauke tukwanen farko, sai ga motocin soja sun haye gada. Suka diro suka jeru a bakin titi sahu biyu, bindiga a kafaɗa. Saje ne a ƙarshen dama na sahun gaba, inda kowa ke daidaita kafaɗa da shi. Mai ba da oda wani Laftana ne Bature, yaro ɗanye, gwiwoyinsa jajur, da Hausar da aka ci jarrabawa da ita. A gefe ga Di'o, Baturen mulki, da laima, yana duba agogo kamar mai jiran jirgi. Aka busa bigila. Soja biyu suka ware wani farin ƙyalle da aka rubuta gargaɗi a kai, wai a watse ko a yi harbi. A duk filin, ban da Turawan, ni kaɗai na iya karanta shi. Mama mai ƙosai ta ce yadin dai mai kyau ne, an ɓata shi da tawada.

Leburori suka ja baya suka yi cirko-cirko. Matan ba su motsa ba. Inna tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, muciya a hannu, ta ja mayafi ta juya gefe, don ta riga ta ji muryar da ke cewa lef-rai.

Laftana ya ba da oda, sahu ya taho. Ban taɓa sanin ƙarar takalmin soja tana shiga ciki ba sai ran nan. Ina kallon Saje. Fuskarsa kamar an sassaƙa, idonsa a kan wani abu can sama da rumfuna, gumi na bin tabon ƙeyarsa. Suna matsowa, suna matsowa, har ya zamana tsakaninsa da Inna bai wuce tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakinta da bango ba.

Daga baya na sha tambayarsa ko ya yi niyya. Ya ce wallahi bai san lokacin ba. Ƙafar da aka ɗauke shi aiki dominta ita ta yanke shawara. Ya dai tsaya cak, ya dasa gindin bindiga a ƙasa, ya tsuguna.

Kuratan nan da aka gyara har atishawa ba su ɓata lokaci ba. Gaba ɗaya sahun gaba ya zube a gwiwa, bindigogi suka sauko daga kafaɗa. Su a abin da aka koya musu, in sahun gaba ya durƙusa, harbi ke biye. Leburori ma sun san haka, don da yawansu tsofaffin soja ne. Filin ya yamutse. Wani ya tsallake layin dogo da kwanon tuwonsa a hannu bai zubar da ko ɗigo ba. Mata suka ɗauki salati, Mama mai ƙosai ta kira Yesu, ni kuma, da duk karatuna na daulolin da, na tsinci kaina a bayan wata randa. Di'o ya yar da laima.

Laftana ya fi kowa firgita, don shi ya san bai ba da odar harbi ba, ya kuma san sunan wa za a rubuta in an yi. Ya ruga a guje ya sha gaban sojojinsa, ya ware hannuwa, bayansa ga matan, ƙirjinsa ga bakin bindigogi, yana ihu kada kowa ya harba. Wanda aka aiko ya tashi kasuwa, ga shi ya zama garkuwarta. Na sha ganin zanen jarumai a littattafan makaranta, ban ga wanda ya kai wannan yaro kyan tsayuwa ba.

Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan aka ji wata 'yar murya, can ƙasa-ƙasa, kamar ta ango.

"Ina kwana, Inna."

Inna tana fuskantar zana ta ce, "Lafiya lau."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Kuratan suka dubi juna. Sa'an nan, tun da Saje ya yi, sai sahu guda ya amsa da murya ɗaya, kamar 'yan ajina: "Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, samari," in ji ta. Su ba surukanta ba ne, har ta ɗan waigo.

Saje bai gama ba. Ya tuna yana gaban suruka da takalmi, ya jingine bindiga a kafaɗa ya shiga kwance naɗin ƙafarsa, yana ci gaba da tambayar ya aiki, ya jama'a, ya aka ji da zafi. Wanda bai taɓa ganin soja na kwance wannan ƙyalle ba bai san tsawon rai ba. Ya cire takalmi ɗaya ke nan Laftana ya dawo hayyacinsa.

"Saje! Mene ne wannan?"

Saje ya miƙe ya ƙame, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huda. "Suruka ce, ranka ya daɗe."

Laftana ya san kalmar, abin da ke cikinta ne bai sani ba. Di'o ya hango alƙalumana a bayan randa ya yafito ni. Na fito ina kakkaɓe wando, na yi musu bayani da Turancina na kwaleji: cewa wannan ita ta haifi matarsa, cewa a wurinmu mutum ba ya tsayawa a kanta, ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci a gabanta, balle ya ɗaga mata rumfa. Laftana ya ce a ƙasarsu ma ana tsoron uwar mata, amma ba a kai ga cire takalmi. Ya juya ga Saje, ya yi magana a hankali, kuma a nan na ga dariya ta ƙare.

"Saje, na ba ka oda. Ka tashi waɗannan mata."

"Zan tashi kowa, ranka ya daɗe. Ban da rumfar nan."

Mama mai ƙosai ba ta jira fassara ba. Ta sunkuci kaskonta da mai yana tafasa ta dire a gindin rumfar Inna. "To ai duk nan rumfarta ce," in ji ta. "Mu 'yan aikinta ne. Ko ba haka ba, Uwar tuwo?" Kafin a ce wani abu, mai fura, mai dafa-duka, mai kunu, kowa ta jawo kayanta ta manne da Inna, har wadda suka shekara ba sa ga-maciji. Inna ba za ta yi wa suruki magana kai tsaye a kan abin da ba gaisuwa ba, sai ta ce wa Mama, "Ki gaya wa mutanen bariki su yi aikinsu, ni ban riƙe hannun kowa ba." Mama ta juya ta ce, "Saje, ta ce in ka isa ka zo." Na lura tun daga ranar cewa ba ni kaɗai ne tafinta mai ƙari ba.

Laftana ya maimaita odar. Saje yana ƙame, idonsa a sama. Laftana ya sake maimaitawa. Na san Saje yana ganin Samanja na tafiya, yana ganin sauran igiyoyin ma suna rawa, amma ƙafar nan mai safa ba ta ɗaga ba. Kuratan kuwa shi suke kallo, ba Laftana ba. An koya musu biyayya sosai, sai dai ba a taɓa gaya musu wa za su bi in Saje da hafsa suka rabu ba.

Di'o ya ɗauki laimarsa, ya ja Laftana gefe, suka yi ƙus-ƙus. Abin da na tsinta shi ne, ba wanda ke son sa hannu a takardar da za ta biyo baya. Aka busa bigila, aka naɗe farin ƙyalle, soja suka hau mota. Saje ne na ƙarshe, yana ɗingishi, takalmi a hannu. Inna ta ce wa Mama a zuba wa samarin nan tuwo su tafi da shi, ai ba su karya ba.

An kai Saje gadurun, kurkukun bariki. Da aka zo shari'arsa a bariki, manya suka ga in aka rubuta cewa Saje ya ƙi oda a gaban kurata da 'yan kasuwa, to labari zai haye teku. Gaisuwa kuma ba ta cikin laifuffukan soja, an duba. Sai aka same shi da laifin cire takalmi a bakin aiki. Aka sauke shi zuwa Kofur, maganar Samanja ta mutu. Yaya da kanta ta sa reza ta farke igiyar, tana kuka tana zaginsa, wai wa ya aike shi, ba sai ya yi kamar ya suma ba.

Bariki ma makaranta ce, tana koyon darasi. Bayan 'yan makonni aka sake turo soja, amma wannan karon daga wata bataliya ta nesa aka kwaso su, mutanen da ba su jin Hausa, ba su da suruka ko ɗaya a Makera. Ba su tsuguna ba. Kafin ruwan tuwo ya tafasa sun gama. An fasa wa Inna babbar tukunyarta, mai ya ƙona Mama mai ƙosai a hannu, tabon na nan har ta mutu. Su ma yaran kirki ne, na tabbata, kowa da wadda yake cire wa takalmi a garinsu. Shi ya sa aka kawo su namu.

Na ɗauka Saje zai riƙe abin a zuci. Da na tsokane shi na ce ina "oda oda ce", sai ya ce har gobe oda oda ce, shi dai biyu suka haɗu masa, ya bi wadda ta riga shiga jikinsa. Na ce ashe ya yi tunani ke nan. Ya ce in na sake yi masa wannan sharri zai fasa mini alƙalamin da ke rubutu.

Bai daɗe ba ya bar soja yana Kofur. Kamfani ya gama gina sito a filin, ana neman tsohon soja mai gadi, aka ɗauke shi. Aka ba shi kaki da kulki da oda guda: kada a bar mai talla ko mai abinci ya raɓi ƙofa. Leburorin sito kuwa suna da ciki kamar kowa. A makon farko Inna ta sayi sabuwar tukunya, ta kira Mama mai ƙosai, suka je suka kafa murhu daf da ƙofar.

Nakan bi ta nan da safe in za ni makaranta. Sai in tarar da mai gadi a tsugune, takalmansa a gefe, yana tambayar bayan wani kallabi ko an tashi lafiya. In ya gama ya koma bakin aikinsa, Inna takan cika kwano ta rufe, ta miƙa wa Mama tana kallon katangar sito.

"Ki kai wa Saje," take cewa. "Ya shiga daga ciki ya ci."